Tarihin Tocila Da Zuwanta Ƙasar Tiga

A kudancin Kano, tun daga Bebeji da Kiru har a dangana da Tudun Wada da duwatsun Doguwa, da wuya a shiga gida yau a rasa tocila. Ko tana rataye a ƙusa bayan ƙyaure, ko tana ƙarƙashin matashin kai, ko kuwa tana jikin wayar da ke aljihun maigida. Sabo ya sa ba mai ɗaukarta a bakin kome, sai fa ran da ta mutu da tsakar dare. Amma kuwa wannan 'yar aba ba a ƙago ta ba sai a ƙarshen ƙarni na 19, kuma kafin ta iso hannun manomin Tiga sai da ta bi ta hannun masana na ƙasashe da dama. Ga yadda abin ya faru.

HASKEN MUTANEN DA

Mutanen da, wata shi ne babbar fitilarsu. In farin wata ya fito, yara su cika dandali, 'yan mata su yi gaɗa, fatake su ɗaura wa jakuna kaya su ci rabin zango kafin gari ya waye. In kuwa wata ya shiga duhu, da an yi sallar lisha sai kowa ya kama ɗakinsa, gama Hausawa sun ce dare rigar mugu. Garuruwa masu ganuwa ma a kan rufe ƙofofinsu da faɗuwar rana. Bebeji tana cikin irin waɗannan garuruwa. Sa'ad da Baturen nan matafiyi Clapperton ya bi ta cikinta a 1826, ya iske ta babban gari ne mai ganuwa, a kan hanyar fatake tsakanin Zariya da Kano.

Wanda larura ta fitar da shi waje cikin duhu, sai ya ɗaura ciyawa ko karan dawa ya kunna bakinsa, shi a ke kira jiniya. Jiniya ba ta daɗewa, iska kuma tana wasa da ita yadda ta ga dama. A garin da ɗakuna na jinka ne, danga ta kara, rumbuna kuma cike da dawa, tartsatsi guda cikin hunturu ya isa ya raba unguwa da abincin shekara.

Cikin ɗaki kuwa sai fitilar aci-bal-bal, watau ɗan kasko na yumɓu ko na ƙarfe, a zuba masa man gyaɗa ko man kaɗanya, a murza auduga a yi lagwani. Kalmar fitila ma daga Larabci ta fito, can kuwa ma'anarta lagwani. Da ya ke man nan abin miya ne, ba a barinsa ya yi ta ci a banza. Da an shimfiɗa wa yara, sai uwargida ta hure ta. Wuta kanta sai da ƙyastu a ke samunta, ko a aiki yaro maƙwabta ya ɗebo garwashi a katanga. Almajirai su kan shiga daji da yamma su yo kara da itace, su hura a tsakiya, su kewaye da allunansu su yi karatun dare.

ZUWAN KANANZIR

A farkon Fabrairu 1903 rundunar Turawan Ingila ta biyo ta Bebeji, ta ci garin, ran 3 ga wata kuma ta shiga Kano. Shekara 8 bayan haka, watau a 1911, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, ta ratsa ta ƙasar Kiru, aka kafa tasha a Dangora da Yako. Jirgin ya riƙa ɗaukar gyaɗa da fatu yana gangarawa da su Ikko, in zai komo ya zo da kayan kanti. Cikin kayan nan har da ashana, da fitilar ƙwai, da kananzir a cikin garwa mai cin galan 4. Garwar ma ba ta zama yasasshiya ba, masu sayar da ruwa suka ɗauke ta. Maƙera kuma suka koyi yanka ƙananan gwangwanaye suna yin aci-bal-bal mai shan kananzir, wadda masu tsire da masu shayi suka daɗe suna kafawa a teburansu.

Fitilar ƙwai ta fi jiniya nesa ba kusa ba, gama iska ba ta kashe ta da sauƙi. Duk da haka tana da nata aibi. Haskenta ba ya zuwa nesa, hayaƙinta yana baƙanta ɗaki yana shiga ƙirji, in an ture ta gobara ce, in kuma mugun ɗan kasuwa ya gauraya kananzir da fetur sai ta fashe a hannun mai kunnawa.

Lantarki kuwa ya zo Nijeriya da wuri, amma ya tsaya a birni. An fara kunna shi a Ikko a 1896. A Kano, Hukumar En'e ta kafa injin ruwa da na wuta wajen 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Wayoyinsa ba su fita ƙauye ba sai bayan shekaru masu yawa. Saboda haka mutanen karkara, lantarkin da suka fara riƙewa da hannunsu shi ne wanda ke cikin tocila.

ASALIN TOCILA

Kafin a yi tocila sai da aka sami abu biyu, batir da ƙwan lantarki. A 1800 wani masani na Italiya, Alessandro Volta, ya jera fayafayan tagulla da na tutiya, ya sa tsumma jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu, sai ga lantarki yana gudana. A 1866 wani mutumin Faransa, Georges Leclanché, ya yi batir wanda ya fi wannan, amma a kwalba ya ke da ruwa a ciki, in an karkata shi ya zube. Sai a 1886 wani Bajamushe, Carl Gassner, ya mai da ruwan nan kamar ƙullu, ya zuba shi a gwangwanin tutiya da sandar gawayi a tsakiya, ya liƙe bakin. Wannan shi ne busasshen batir, wanda a ke iya juya shi ko ta ina. Ƙwan lantarki kuwa Thomas Edison na Amurka da Joseph Swan na Ingila suka kyautata shi wajen 1879.

Wanda ya haɗa su biyun wuri guda shi ne David Misell, mutumin Ingila mazaunin birnin Niyok. Ya yi ɗan bututu na kwali, ya jera batir 3 a ciki, ya sa ƙwai a baki da ɗan kaskon farin ƙarfe a bayansa don ya tattara haske ya tura gaba. Ran 10 ga Janairu 1899 Gwamnatin Amurka ta ba da takardar shaida cewa dabarar tasa ce. Kamfanin da ya mallaki takardar na wani ɗan kasuwa ne, Conrad Hubert, wanda ya yi ƙaura daga ƙasar Rasha. Shi kuwa mutum ne mai wayon ciniki, sai ya ba 'yan sandan Niyok waɗansu su gwada. Da suka yaba, sai jama'a suka bi. Daga wannan kamfani ne sunan Eveready ya fito.

Tocilar farko rarrauna ce ƙwarai. Zaren da ke cikin ƙwan na gawayi ne, yana shan wuta da yawa, batir ɗin kuma in ya yi aiki kaɗan sai ya huta. Don haka sai a latsa a saki, a latsa a saki, haske ya riƙa zuwa kamar walƙiya, shi ya sa har yau sunan da mutanen Amurka ke kiranta ma'anarsa haske mai walƙawa. Mutanen Ingila kuwa suka ba ta sunan jiniyarsu ta da, wannan suna ne Hausawa suka lanƙwasa suka ce tocila, waɗansu kuma su ce cocila. Ba ta zama abin dogara ba sai da aka sami zare na wani ƙarfe mai jure zafi, tungistan. An fara yin ƙwai da shi a ƙasar Hungari a 1904, sa'an nan a 1910 William Coolidge na Amurka ya gano yadda za a ja shi ya yi siriri kamar gashi ba tare da ya karye ba.

Wani abin lura shi ne, ƙarafan da a ke yin tocila da su suna nan kwance a duwatsun Riruwai, cikin ƙasar Doguwa. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai sun shahara da narka kuza su fid da dalma, irin wadda a ke liƙe waya da ita. Masu binciken duwatsu kuma sun iske dutsen tutiya da na tungistan a jijiya ɗaya da kuzar.

TOCILA TA SHIGA KASUWA

Da fari tocila kayan ma'aikata ce, sai a hannun Bature mai rangadi, ko ɗan sanda, ko ma'aikacin jirgin ƙasa a ke ganinta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, kuɗin gyaɗa ya yalwata a hannun manoma, masana'antun Hong Kong kuma suka riƙa ƙera tocila mai araha suna aikawa ko'ina cikin duniya. Da ƙaramar rediyo mai batir ta bazu, sai batir ya zama ba teburin ɗan koli da ba shi. Dattawa har yanzu suna tuna Berec na Ingila, bayansa kuma Tiger Head na ƙasar Sin ya cika kasuwa.

Tocilar wannan zamani farar ƙarfe ce mai sheƙi, akwai mai cin batir 2, akwai mai cin 3. Makunninta hawa uku ne. In yana ƙasa a kashe ta ke, in an tura shi tsakiya sai an danna ɗan maɓalli ta ke kamawa, in an tura shi sama ta zauna a kunne. Ma'aikatan jirgi kuwa tasu tana da gilashi ja da kore, don ba direba alamar tsayawa ko wucewa. Ashe ke nan tun da wuri masu ƙira sun gane haske iri ɗaya ba ya biyan kowace bukata.

Batir kuɗi ne, saboda haka mutane suka koyi tattali. Wani ya kan juya batir ɗaya baibai da rana don kada ta kama a aljihu, wani ya shanya wanda ya yi sanyi a rana don ya ɗan farfaɗo. In ya mutu sarai, 'yan makaranta su fasa shi su shafa baƙin garin a allon aji. Tocila ta kuma zo da nata ladabi. Saurayi ya kan riƙe ta zuwa zance don ado, amma duk yaron da ya dalla wa babba ita a fuska an san bai sami tarbiyya ba.

MADATSAR RUWA DA AIKIN DARE

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama Gwamnanta na farko. Tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Arewa, ya sa aka datse Kogin Kano a Tiga. Tafkin da ya taru faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 178, yana kuma ɗaukar ruwa kusan mita mai kusurwa shida miliyan 2,000. Daga nan aka ja hanyoyin ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure.

Wannan aiki ya ƙara wa dare ma'aikata. Masunta suka taru a bakin tafki, suna shiga kwalekwale da duhu su zuba taru, su komo da asuba. Manoman rani su kan kwana ban ruwa in layi ya zo kansu. Masu gadin shinkafa da masara a Tudun Wada da Doguwa su kan kwana a masussuka lokacin kaka. Duk waɗannan ƙafarsu tana cikin ciyawa, inda kububuwa da kasa da gamsheƙa ke yawo. Saran maciji yawancinsa a ƙafa ne, sau da yawa kuwa don mutum ya taka abin da bai gani ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi waɗanda aka yi wa sakaci, cikin shawarwarin da ta ke bayarwa kuma har da riƙe tocila da dare da sa takalmi mai rufi. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Amma tocila ba ta zaɓen ubangida. A dajin Falgore, wanda a da a ke kira gandun dajin Kogin Kano, maharbi ya kan ɗaura fitila a goshi, in hasken ya faɗa idon dabba sai idon ya yi ƙyalli, ita kuma ta tsaya cik ta ruɗe, ya harbe ta. Hukuma ta hana farauta a gandun, amma irin wannan farautar dare tana cikin abubuwan da ke ƙarar da namun daji. Haka kuma a shekarun da ɓarayin shanu suka addabi dajin, wajen 2015, da ɓarawo da ɗan sintirin da ke binsa kowa da tasa a hannu.

Ruwan Tiga ya yi kusan shekara 40 yana kwarara ba a fid da lantarki daga gare shi ba. Sai zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso aka soma aikin kafa injuna masu ba da megawat 10, aka ci gaba zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, da nufin ba da wuta ga matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titin birnin Kano. Garuruwa da yawa na yankin an kai musu waya daga babban layin ƙasa, amma layin nan abin da ya kan raba bai cika wuce megawat 5,000 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Shi ya sa ko gidan da ke da waya bai yar da tocila ba.

TOCILA MAI HASKE IRI IRI

Ƙwai mai zare yana da babbar hasara, gama kashi 9 cikin 10 na wutar da ya ke sha zafi ta ke zama. Maganin wannan ya fito daga wani ɗan ƙanƙanen dutse da a ke haɗawa a masana'anta, wanda in lantarki ya ratsa shi sai ya yi haske ba tare da wani abu ya ƙone ba. Shi a ke kira LED. A 1962 Nick Holonyak na Amurka ya yi mai jan haske. Shuɗi kuwa ya gagari masana shekara 30, sai a farkon shekarun 1990 mutum 3 na Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka ci nasara. Da aka shafa wa shuɗin wani gari mai mai da sashen haskensa rawaya, sai ga farin haske, aka fara sayar da shi a 1996. A 2014 aka ba su ukun lambar girma ta Nobel. Wannan ƙwai yana ba da haske kusan ninki 10 na mai zare da wuta daidai wa daida, ba ya kuma tsinkewa in tocila ta faɗi. Batir mai caji na litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, ya cika sauran aikin.

Da ya ke LED yana kamawa yana mutuwa nan take, sai masu ƙira suka sa wa tocila wata 'yar na'ura da ke kunna shi tana kashewa sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Ido ba ya iya bin wannan sauri. In lokacin kunnawa ya fi yawa sai a ga haske mai ƙarfi, in na kashewa ya fi yawa sai a ga mai sanyi. Da wannan dabara maɓalli ɗaya ya ke ba da haske iri iri, ko wane dannawa da nasa.

Ko wane iri kuwa da inda ya dace. Mai ƙarfi na makiyayi ne da ke neman saniyar da ta ɓace, ko mai gadi da ya ji motsi a bakin gona, amma yana cinye batir da sauri, kan tocilar kuma ya yi zafi. Mai sanyi ya isa tafiya a turba, ko duba jariri, ko karatun yaro, caji ɗaya kuma ya kan kai kwanaki. Mai ƙyaftawa na neman taimako ne, ko na gargaɗi, kamar in mota ta lalace da dare a hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta ratsa Falgore zuwa Jos, ko masunci ya rasa gaɓa a tsakiyar tafki. Sai dai a kiyaye shi kusa da mai farfaɗiya, gama ya kan tayar wa waɗansunsu da ciwon. Waɗansu tocilolin suna da alamar ceto ta SOS, gajere 3, dogo 3, gajere 3, wadda ƙasashe suka amince da ita a taron Balin na 1906. Akwai kuma jan haske. Ido ya kan ɗauki kamar rabin sa'a kafin ya saba da duhu sosai, farin haske yana rushe wannan sabo nan da nan, ja kuwa ba ya rushe shi sai kaɗan.

Wayar hannu ta fara bazuwa a Nijeriya a 2001. A 2003 kamfanin Nokia ya fito da ƙaramar waya mai lamba 1100 da tocila a kanta, aka sayar da fiye da miliyan 200 a duniya. Cikin shekarun nan kuma samari masu dabara suka riƙa haɗa fitila da hannunsu, su jera ƙwayayen LED a kan tsohon faifan CD, su yi wa batir akwati na katako, su kai kasuwa. A 2016 Gwamnati ta janye tallafin kananzir, kuɗinsa ya yi ta hawa, fitilar ƙwai kuwa ta koma rataye a zaure ba mai kunna ta.

Inda rashin haske ya fi ciwo shi ne ɗakin haihuwa. A 2008 wata likitar mata ta Amurka, Laura Stachel, ta zauna a wani asibitin gwamnati a Zariya, ta ga ungozomomi suna karɓar haihuwa da fitilar kananzir da tocila. Da ta koma, ita da mijinta Hal Aronson suka haɗa ɗan akwati mai faifan hasken rana da batir da fitilun LED, wanda yau a ke aiki da shi a ƙananan asibitoci na ƙasashe da yawa.

ABIN DA YA RAGE

Sabuwar tocila ba ta rasa nata aibi ba. Jabu ya yi yawa a kasuwa, a kan rubuta wa kwali ƙarfin hasken da abin da ke ciki bai kai ba, mai saye ya yi murnar araha, bayan wata guda ya sake sayen wata. Araha dai ba ta ado. Mataccen batir kuma guba ne. Manyan fitilu masu caji da yawa batirinsu na darma ne, ita kuwa darma in ta shiga jikin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwarsa. Na litiyam in an huda shi ko an jefa shi a wuta ya kan fashe. Bai kamata a bar wa yara su su yi wasa ba, ko a zubar da su kusa da rijiya ko a jujin da za a kai gona.

Mai neman ta kirki ya gwada ko wane irin haskenta kafin ya biya, ya duba ko a kan iya buɗe ta a sake batir, ya kuma fifita mai faifan hasken rana in garinsu wuta ba ta zama. In ya kai ta gida ya saba wa kansa da haske mai sanyi, ya ajiye mai ƙarfi don ranar bukata.

Har yanzu kusan duk tocilar da a ke sayarwa a kasuwannin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa daga ƙetare ta ke zuwa, alhali kuwa ƙarfenta yana Riruwai, ruwan da zai juya injin masana'anta yana Tiga. Yaran da suka haɗa fitila da tsohon faifai da katako sun nuna basira ba ta yi ƙaranci ba. Abin da su ke bukata shi ne makarantun sana'a masu kayan aiki, da wuta mai zama, da jari, don wata rana tocilar da manomin Tiga zai fita ban ruwa da ita ta zama ƙirar 'ya'yansa.